TARIHI: Yadda Talla Ya Koyi Kiran Sunanmu, Da Darasin Da Ke Cikin Wasannin Bidiyo



Da wuya a samu wanda abin nan bai taɓa faruwa da shi ba a cikinmu. Mutum ya duba farashin takalmi ko na janareta a wayarsa da safe, kafin la'asar ya buɗe Facebook sai ga takalmin nan ya biyo shi, ya leƙa YouTube ga shi nan, har ya fara zargin ko wayar tana sauraron hirarsa ne. Ya koma gida kuma ya tarar da yaro ya kafe sai an saya masa riga a cikin wasan Free Fire ko PUBG, rigar da ba a sa ta a jiki, ba ta kuma ƙara masa ƙarfi ko saurin gudu a cikin wasan.

Abu biyun nan tushensu ɗaya, wato ƙoƙarin sayar wa kowane mutum abin da ya dace da shi shi kaɗai. Amma na farko haushi yake ba mu, na biyu kuwa yaro ne da kansa yake roƙo a karɓi kuɗinsa. Me ya kawo wannan bambanci? Amsar tana cikin tarihin ɓangarorin biyu, kuma ta shafe mu kai tsaye, domin yanzu da yawa daga cikinmu, maza da mata, ta WhatsApp da Facebook da Instagram muke tallata hajarmu, 'ya'yanmu kuma a cikin waɗannan wasanni suke wuni.

DAGA SHAGON TELA ZUWA MASANA'ANTA

Sanin mai saye tsohon abu ne a kasuwanci. Tela ya san awon kwastomansa, ya san wanda ke son hannun riga ya sauka da wanda ke son aiki kaɗan a wuya. Mai shayi ya san wanda ba ya shan siga, mai tsire ya san mai son kitse da mai son tsoka zalla. Waɗanda suka san tarihin cinikin shanu da goro a Sabo ta Ibadan sun san cewa babban jarin maigida shi ne sanin mutane: wane mahauci za a ba shanu bashi ya biya, wane ne kuma sai an ga kuɗi a hannu. Abin lura shi ne, mai saye ya san abin da aka sani game da shi, don shi ya faɗa da bakinsa, ko kuma a gabansa aka gani.

Masana'antu ne suka zo suka yanke wannan igiya. A 1908 Henry Ford ya fito da motar Model T a Amurka, a 1913 ya kafa tsarin harhaɗa mota a kan layi mai tafiya, kowane ma'aikaci da aiki guda da yake maimaitawa. Farashin motar ya faɗo daga kusan dala 850 zuwa ƙasa da dala 300, aka sayar da guda miliyan 15. Sai dai araha ta zo da sharaɗi: kowa iri ɗaya zai saya. Daga 1914 zuwa 1925 baƙin fenti kaɗai ake yi wa motar. Kamfanin General Motors ƙarƙashin Alfred Sloan ya gane cewa mutane sun fara gajiya da haka, ya riƙa fitar da motoci launi-launi, farashi hawa-hawa, yana sauya fasali duk shekara. A 1927 Ford ya daina ƙera Model T. Tun daga lokacin tambayar da manyan kamfanoni ke fama da ita ita ce: ta yaya za ka sayar wa mutum miliyan, amma kowannensu ya ji kamar tela ne ya auna shi?

Amsa ta farko ita ce rubuta sunaye. Tun 1872 Aaron Montgomery Ward ya fara aika wa manoman Amurka takardar jerin kaya ta gidan waya daga birnin Chicago, su zaɓa su aiko da kuɗi. Duk wanda ya saya, sunansa da adireshinsa da abin da ya saya sun shiga littafi. Da kwamfuta ta samu, littafin ya koma cikinta. A 1995 kantin Tesco na Birtaniya ya fito da katin Clubcard: kana nuna kati wajen biya ana tara maka maki, su kuma suna ganin duk abin da ke cikin kwandonka, su aiko maka da ragi a kan irin kayan da ka saba saye. A wannan shekarar Tesco ya sha gaban Sainsbury's ya zama kanti mafi ciniki a ƙasar. Har zuwa nan dai akwai yarjejeniya a fili: ka ba da bayani, an ba ka ragi.

ZUWAN INTANET DA BIN SAWU

A 1994 abubuwa biyu suka faru da suka sauya komai. Wani matashin injiniya a kamfanin Netscape mai suna Lou Montulli ya ƙirƙiro abin da ake kira kukis, wato ɗan rubutu da shafin intanet ke ajiyewa a cikin kwamfutarka don ya gane ka idan ka dawo. Niyyarsa mai sauƙi ce, kada kwandon sayayya ya manta abin da ka zuba a ciki. A watan Oktoba na wannan shekara kuma shafin HotWired ya sa allunan talla na farko-farko a intanet, ciki har da na kamfanin AT&T. Ba a daɗe ba kamfanoni irin su DoubleClick suka haɗa biyun. Tunda su ke sa talla a dubban shafuka, kukis ɗinsu na iya bin mutum daga wannan shafi zuwa wancan, su san me yake karantawa, me yake nema. Yawancin jama'a ba su ma san da zaman kukis ba sai da jaridar Financial Times ta yi rubutu a kai a 1996. A 2007 Google ya amince ya sayi DoubleClick a kan dala biliyan 3.1. Takalmin nan da ke bin mu a waya, daga nan ya samo asali.

Akwai inda abin ya yi wa mai saye amfani sosai. Amazon, wanda ya fara da sayar da littattafai a 1995, ya ɓullo da tsari a 1998 da ke duba kayan da ake yawan saye tare, ya ce maka waɗanda suka sayi wannan sun kuma sayi wancan. Mutane ba su ƙi wannan ba, don a cikin shagon ake yi, kuma an gaya maka dalili. Netflix kuwa a 2006 ya sa gasar dala miliyan 1 ga duk wanda zai inganta hasashen fim ɗin da mutum zai so da kashi 10 cikin 100. Ya saki ra'ayoyi sama da miliyan 100 na masu kallo kusan 480,000 bayan ya cire sunayensu. An ci gasar a 2009, amma kafin nan wasu masu bincike biyu a Jami'ar Texas sun nuna cewa za a iya gano wasu daga cikin mutanen idan aka gwama bayanan da na wani shafin fina-finai. Aka kai ƙara kotu, Netflix ya soke zagaye na biyu a 2010.

Daga nan sai kura-kurai suka riƙa biyo juna. A watan Nuwamba na 2007 Facebook ya kawo wani tsari mai suna Beacon, wanda ke sanar da abokanka abin da ka saya a wasu shafuka. Wani magidanci ya sayo wa matarsa zobe don ya ba ta mamaki, sai labarin ya bayyana a shafinsa, ita da ɗaruruwan abokansa suka gani. Mark Zuckerberg ya nemi afuwa, aka rufe tsarin a 2009. A 2012 ɗan jarida Charles Duhigg ya rubuta a New York Times cewa kantin Target na iya hasashen mace na da juna biyu ta hanyar duba kaya kusan 25 da ta fara saye, irin su man shafawa marar ƙamshi da wasu ƙwayoyin ƙarin lafiya. Ya ba da labarin wani uba da ya je kanti a fusace saboda ana aiko wa 'yarsa 'yar makaranta tallan kayan jarirai, daga baya ya gano cewa kantin ya riga shi sani. Matakin da kantin ya ɗauka shi ne ya riƙa cusa tallan wasu kaya dabam, kamar injin yankan ciyawa, a gefen na jarirai, don kada matan su gane an san sirrinsu. Duk sanin da sai an ɓoye wa mai shi cewa an yi, to da walakin.

Babbar fallasa ta zo a watan Maris na 2018. Mutum kusan 270,000 ne suka amsa wasu tambayoyi na gwajin hali a wata manhaja a Facebook, amma ta kansu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai mutum miliyan 87 a ƙiyasin Facebook, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin yaƙin neman zaɓe. Mu ma abin bai tsallake mu ba, domin jaridun Birtaniya sun ruwaito cewa an ɗauko kamfanin ya yi aiki a zaɓen Najeriya na 2015. A 2019 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5.

Tun daga nan aka fara ɗaure igiya. Tarayyar Turai ta fara aiki da dokar kare bayanai a watan Mayu na 2018. A watan Afrilu na 2021 Apple ya wajabta wa kowace manhaja a iPhone ta tambayi mutum kafin ta bi sawunsa zuwa wasu manhajoji. Da aka tambayi mutane, mafi yawansu suka ce a'a, har Meta, uwar kamfanin Facebook, ta ce sauyin zai ja mata asarar kusan dala biliyan 10 a 2022. A nan gida, hukumar NCC ta kawo lambar 2442 a 2016 don mutum ya tsayar da saƙonnin talla da ke cika masa waya, an sa hannu a dokar kare bayanai ta ƙasa a watan Yuni na 2023, a 2024 kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220.

HANYAR DA MASU WASANNI SUKA BI

A daidai shekarun da masu talla ke koyon leƙen asiri, masu ƙera wasanni wata hanya suka bi dabam: tambayar ɗan wasa suke yi.

Abin ya faro ne daga wasan tebur. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons, wasan da ake yi a kan tebur da takarda da fensir. Kafin a fara, kowa zai ƙirƙiri gwarzonsa, ya sa masa suna, ya zaɓa masa sana'a, mayaƙi ne ko mai sihiri. A 1979 wasan Asteroids na kamfanin Atari ya ba wanda ya shiga sahun goma na farko damar rubuta haruffa uku na sunansa a kan allo. Haruffa uku kacal, amma yara sun yi ta zuba sulalla a injin don kada wani ya ture sunansu. So duka so ne, amma son kai ya fi.

A 1985 Richard Garriott ya fitar da Ultima IV. A farkon wasan wata mai duba ce za ta yi maka tambayoyi a kan ɗabi'a, misali idan gaskiya da tausayi suka ci karo wanne za ka ɗauka, amsoshinka su za su nuna irin gwarzon da za ka zama. Idan muka duba da kyau, wannan tattara bayanai ne game da halin mutum, kusan irin na manhajar da ta jawo rikicin Cambridge Analytica. Bambancin shi ne ɗan wasa ya san me ake tambayarsa, ya san dalili, nan take ya ga sakamako, kuma amsarsa ba ta fita daga cikin wasan ba. A 1986 wasan Habitat na kamfanin Lucasfilm ya haɗa mutane da yawa a duniya guda ta layin tarho, kowa da siffar da ke wakiltarsa, har yana iya sauya mata kai.

Mataki na gaba shi ne miƙa wa 'yan wasa kayan aikin gaba ɗaya. Da kamfanin id Software ya fitar da Doom a watan Disamba na 1993, da gangan ya ware hotuna da taswirar wasan daga injinsa don duk mai so ya gina nasa. Dubban mutane suka gina. A 1999 wasu ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka ɗauki wasan Half-Life suka mayar da shi Counter-Strike. Kamfanin Valve bai kai su kotu ba, sai ya sayi aikin ya ɗauke su aiki, kuma har yau ana buga wasan. A 2000 Will Wright ya kawo The Sims, wanda kusan dukansa zaɓi ne: fuskar mutum, tufafinsa, gidansa, kujerun falonsa. Cikin shekara biyu ya zama wasan kwamfuta da aka fi saye a tarihi zuwa lokacin, ya kuma jawo mata da yawa cikin harkar. A 2006 Nintendo ya sa kowa a gida, har kakanni, yana zana fuskarsa a na'urar Wii kafin ya fara wasa.

Waɗanda suka yi zaman gidan gem a cikinmu sun ga wannan da idonsu. Wasan ƙwallo na kamfanin Konami, Winning Eleven ko PES, a lokacin ba shi da lasisin yawancin kulob-kulob na Ingila, shi ya sa ake ganin Man Red a maimakon Manchester United, North London a maimakon Arsenal, Merseyside Red a maimakon Liverpool. Amma an bar wa ɗan wasa wurin gyara. Sai yara su zauna su sauya sunaye, su gyara jesi, su sayar da wannan su sayo wancan, wani ma ya ƙirƙiri ɗan wasa da sunansa ya cika masa gudu da ƙarfin shot. Abin da ya zama gibi ga kamfani, shi ya zama abin da ya ɗaure yara da wasan, don duk wanda ya ɓata dare yana gyara ƙungiyarsa ba ya son a taɓa masa katin ajiyarsa. Masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar da wannan a 2011, lokacin da Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely suka nuna cewa mutum yana ganin darajar abin da ya harhaɗa da hannunsa fiye da irinsa da aka ba shi a gama.

Daga nan kuɗi ya shigo. Kamfanin Nexon na Koriya ta Kudu na cikin na farko da suka riƙa ba da wasa kyauta suna sayar da kayan ado a ciki, kamar yadda ya yi a MapleStory a 2003. A 2006 kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a kasuwa a wasan Oblivion a kan dala 2.50. An yi masa dariya ƙwarai, amma an saya. Shekara goma sha ɗaya bayan haka Fortnite ya fito da salon da ya shahara da shi, kyauta, ba a sayar da komai da ke ƙara ƙarfi, sai tufafi da rawa da ado. Takardun da aka gabatar a shari'ar Epic Games da Apple sun nuna cewa wasan ya kawo sama da dala biliyan 9 a 2018 da 2019. Dalilin yaro na neman rigar nan ba shi da nisa da dalilin da ke sa mu ɗinka sabuwar shadda mu sa a yi mata aiki na musamman: abokai za su gani.

Wasu kamfanonin kaya sun ɗauki darasin. Tun 1999 Nike ya buɗe NikeID inda mutum ke zaɓar launin takalminsa. A 2011 Coca-Cola ya buga sunaye 150 a jikin kwalba a Ostireliya, a 2015 abin ya iso Najeriya da sunayenmu na gida, muka ga mutane suna juya kwalabe a firij suna neman nasu ko na wanda za su kai wa. Ba a bi sawun kowa ba, mutum da ƙafarsa ya je nema.

SU MA SUN YI TUNTUƁE

Kada mu ɗauka masu wasanni tsarkaka ne. Da suka ga ado na kawo kuɗi, sai suka ɓullo da akwatin canki-canka: ka biya kuɗi, a buɗe maka akwati, ba ka san abin da zai fito ba. A FIFA, sashen Ultimate Team da aka fara a 2009 a kan haka aka gina shi, yaro ya yi ta sayen fakiti yana fatan babban ɗan wasa ya faɗo. A ƙarshen 2017 'yan wasa suka yi wa kamfanin EA bore a kan Star Wars Battlefront II, inda aka ɗaure ƙarfin ɗan wasa da irin waɗannan akwatuna, dole ya dakatar da sayarwar ana gab da fitar da wasan. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ake saye da kuɗi caca ce, a farkon 2019 EA ya daina sayar da makin FIFA a ƙasar. A watan Disamba na 2022 kuma Epic Games ya amince ya biya dala miliyan 520 a Amurka: miliyan 275 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, miliyan 245 kuma don mayar wa mutanen da aka tsara maɓallai yadda za su yi saye ba da niyya ba.

Wato ko a wasan, ranar da aka ƙwace zaɓi daga hannun mutum aka mayar da shi sa'a ko dabara, ranar aka fara rigima. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga mai sayar da atamfa da leshi a WhatsApp, ko turaren wuta, ko kilishi, ko takalma, ko wayoyi, ga abin da wannan tarihi ke nuna mana.

Na farko, tambaya ta fi leƙe. Abin da kwastoma ya faɗa da bakinsa ya fi abin da aka hasaso inganci, kuma ba ya jawo zargi. Hajiya, wane launi kika fi so? Alhaji, yaji nawa za a sa? In sabon kaya ya zo in sanar da ke, ko kuwa sai kin nema? A rubuta amsar a ajiye, a yi aiki da ita. Wannan littafin ya fi lambobin waya dubu da aka saya a hannun wani.

Na biyu, mutum ya ga amfanin abin da ya faɗa nan take. Ɗan wasa na zaɓar hula yake ganinta a kan gwarzonsa. Idan mace ta ce ba ta son ja, gobe kuma aka turo mata hoton jan leshi guda ashirin, ta gane ba a saurare ta ba, kuma ba za ta sake amsawa ba.

Na uku, zaɓi ya zama daidai wa daida. A wani gwaji da Sheena Iyengar da Mark Lepper suka wallafa a 2000, an baje kwalaben jam iri 24 a wani kanti a California, wani lokaci kuma iri 6. Tebur mai iri 24 ya fi tara mutane, amma kusan 3 cikin 100 ne suka saya, a mai iri 6 kuwa kusan 30 cikin 100. Masu wasanni sun san haka, shi ya sa kullum akwai siffar da aka riga aka shirya ga wanda ba ya son dogon zaɓi. Hoto biyar da aka zaɓo don mutum ya fi hoto hamsin da za su cinye masa data su cika masa waya.

Na huɗu, a bar ƙofar fita a buɗe. Ɗan wasa na iya cire rigar da ya sa duk lokacin da ya ga dama. Jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, ko damun su da saƙo bayan sun ce a bari, shi ne ƙaramin Beacon namu. Wanda ya fita cikin mutunci yakan dawo, wanda aka ƙure sai ya toshe lambar.

Na biyar, sirrin kwastoma amana ne. Mai kayan mata ta san wadda ke shirin aure, mai kemis ya san ciwon mutum, mai POS ya san abin da ke shiga da fita. Sa hoton hirar kwastoma ko rasit ɗinsa a status da sunansa da lambarsa don a nuna ana ciniki, ko ba wani ɗan kasuwa lambobin mutane, abu ne da ke kashe yarda, kuma yanzu akwai doka a kansa.

A matsayinmu na masu saye kuma, mu tuna banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar da ba ta karɓi kuɗinmu ba, da hankalinmu da bayananmu take cin abinci. Kafin mu danna amincewa, mu duba me ta nema: manhajar tocila ba ta da hurumi da jerin lambobinmu, kuma da yawa sun ga yadda wasu manhajojin bashi ke aika wa 'yan uwa da abokan mutum saƙon tozarci saboda ya ba su wannan dama. A cikin saitin Facebook da Google akwai wurin da mutum zai ga abin da suka ɗauka yana so, ya goge ko ya rage.

Iyaye kuma, kada mu bar katin banki a manne da wayar da yaro ke wasa da ita ba tare da lambar sirri ba. Idan ya nemi kuɗin wasa, mu zauna mu tambaye shi me zai saya. In riga ce da ya gani ya zaɓa, ya san farashinta, to magana ce ta ko akwai hali ko babu. In kuwa akwati ne ko juya ƙafar sa'a da bai san abin da zai fito ba, to mu gaya masa sunan abin tun yana ƙarami.

Shekara sama da ɗari ke nan tun daga baƙar motar Ford, kamfanoni sun kashe biliyoyin daloli suna neman abin da telan unguwa ke yi da tef da alli. Mu da muka gada, kada waya ta sa mu saki namu. 'Yan kasuwarmu da ke sayarwa ta waya, ku gaya mana yadda kuke riƙe kwastomominku, domin na baya su ƙaru.